Neman Wadda Ta Sayi Kakata a Kasuwar Lolo

An mayar mana da goronmu. Ƙwarya guda muka kai gidan su Balki don nema wa ɗana Sahabi aurenta, aka karɓa da fara'a, ba a yi mako ba aka aiko mana da abinmu, ko ganyen da muka rufe shi da shi ba a ɗaga ba. Na yafa mayafi na tafi da kaina in ji dalili. Uban yarinyar ya ɓuya a ɗaki. Yayarsa, Gwaggo Nana, ita ta tare ni a tsakar gida tana tsince shinkafa, ba ta ko ɗago kai ba ta ce, "Kulu, ba mu da abin cewa ga Sahabi, tela ne mai hankali. Amma mun bincika asali. Kakarki ta wajen uwa sayenta anka yi kasuwar Lolo. Kowa ya ga kunnenta a tsage awa na akuya."

Na ce mata Turawa ma sun naɗe tutarsu sun tafi, ita tana nan tana duban kunnen matattu. Ta ce ko su dawo, ɗiyarsu ba ta shiga.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ban da amsa. Na san kakata, a hannunta na koyi daka. Ta-Lolo ake ce mata, ban taɓa jin wani suna ba. Kunnenta na hagu kuwa a tsage yake daga sama, na sha wasa da shi ina goye. Sahabi ya daina cin abinci sai an matsa, keken ɗinkinsa ya yi shiru. Ni kuma tambaya ta hana ni sakat: wa ya sayar da ita, wa ya saya, da me? Na yi niyyar ko me na tarar zan dawo in faɗe shi yadda yake. Ban iya rubutu ba sai da furfura ta fara fito mini, a ajin yaƙi da jahilci, don haka wanda ya ga layina ya karkace ya yi haƙuri ya bi maganar.

Bagudo zuwa Zagga

Na fita tun ba a kira assalatu ba, da tabarma, da buta, da ƙullin fura. Lokacin kaka ne, motar da ke kwasar shinkafa tana tsaye bakin kasuwa. Direban ya haska ni da fitila.

"Inna, ina zuwa ba kaya?"

"Kakata za ni nema."

"Ɓacewa ta yi?"

"Ta rasu tun kana tsumma."

"To ai ba motata ka zuwa can ba." Ya yi dariya ya karɓi sulena, ya sa aka miƙa mini hannu na hau bisa buhuna.

Hanyar duk rami ce. Sau biyu muka sauka maza suka tura. Hagu da dama mata na sussuka a masussuka, Fulani sun fara sauko da shanu cikin karan gero. Da hantsi muka shiga Zagga.

A nan ƙanen uwata yake, Kawu Ango, shi kaɗai ya rage cikin waɗanda Ta-Lolo ta haifa. Na same shi gindin ɗorawa yana tufkar igiya, idonsa ya yi rauni amma ya gane takuna. Da na faɗi abin da ke tafe da ni, ya ajiye igiyar.

"Ke Kulu, abin da uwarki ba ta tambaya ba, ke mi ya kai ki?"

"Uwata ba a mayar mata da goro ba, Kawu."

Ya ce shi ma ya taɓa tambaya yana yaro, da abokan wasa suka zage shi. Ta-Lolo ta buge masa baki da bayan ludayi. Babansu fatauci yake yi, daga hayin kogin Kwara ya zo da ita, shi ma bai taɓa buɗe baki a kai ba. Amma akwai abu guda. Kowace kaka sai ta sayi ƙunshin gishirin Foga, irin wanda ake naɗewa cikin kaba, ta rataye a tankar ɗakinta. Ba ta ci, ba ta sayarwa, ba ta ba maƙwabta ko miyarsu za ta kwana lami. Damina ta zo ya tsiyaye, kaka ta sake saye. Wata rana ya ɗan ɓantara, ta kama shi, ta ce, "Ba nawa ne ba. Na masu ni ne."

Masu ni. Da na ji wannan na ce lalle Nana ta yi gaskiya. Sai dai wace irin baiwa ce ke saya wa iyayen gijinta gishiri, su kuma ba su taɓa zuwa karɓa ba? Matar Kawu ta yi mini tuwon shinkafa da miyar busasshen kifi. Na ci ina ta juya maganar, na kwana a nan.

Kamba

Daga Zagga ba mota kai tsaye. Na bi wasu masu jakuna har bakin gulbi, aka fitar da mu a jirgi, a can hayi na sami wata motar da ta ɗauko barkono. Ina ta atishawa har Kamba, muka isa la'asar sakaliya.

Kamba gari ne na masu baki biyu. Mutum zai fara maka ciniki da Hausa ya ƙarasa da Dandanci, kuɗi ma iri biyu ke yawo, namu da na Faransi. Na sauka gidan wata mai fura da matar Kawu ta kwatanta mini. Ta shimfiɗa mini a rumfa, ta hana ni biyan ko anini.

Da safe na shiga layin masu gishiri, ina duban ƙunshin nan na kaba, ga shi tuli har ya fi tsayina. Ina cikin kallo sai ga wani babban mutum, riga shuɗiya mai aiki, rawani, yana ta ba masu dako umarni. Ya juya, sai na ga kunnensa na hagu. Tsaga ce daga sama, irin ta kakata sak.

Ni ban iya kewaye-kewaye ba. Na gaishe shi na ce, "Alhaji, don Allah wa ya saye ka?"

Masu dako suka yi cirko-cirko. Shi kuwa ya fashe da dariya har ya riƙe ciki.

"Wata tsohuwa mai ƙosai, Allah shi jiƙanta. Da ludayin wake. Ta ce ma an cuce ta."

"Kuma kana faɗi kana dariya?"

"In yi kuka? Ke daga ina kinka hito?" Na ce Bagudo. Ya ce, "Shi ya sa. Gobe kasuwar Lolo ka ci. Tafi ki zauna gindin tsamiya wajen masu albasa, in kina da rabo ki gani da idonki. In na gaya miki nan cewa za ki yi na shirga miki ƙarya." Aka kira shi wajen awo, ya tafi.

Ƙetare Kwara

Na bi 'yan kasuwa da ƙafa da jaki zuwa Dole Kaina, na kwana a can, da sassafe muka shiga jirgi. Ban taɓa ganin Kwara da faɗi haka ba. Jirgin katako ne, an ɗinke shi da igiya, aka loda mu da tumaki da gishiri da wani keke. Ruwa saura kaɗan ya taɓa baki. Na ce wa mai fito ya rage kaya.

"Inna, in kina tsoro rufe ido."

"In na rufe ido wa zai gaya wa sarki kai ka nutsar da mu?"

Ya ce ashe da alƙali ya ɗauko. Ya nuna mini da sandar tuƙi: can ƙasar Nijar, can Dahomai, nan tamu. Na duba iyakar ganina, ruwa dai ɗaya, ciyawar burgu ɗaya, tsuntsaye na tashi daga wannan su sauka a wancan.

Lolo

Kasuwar ta cika tun hantsi. Kifi banda, man shanu, tabarmi, atamfar Faransi, da wani dogon burodi kamar taɓarya wanda na saya don in ji, na tarar ɓawo ya fi ciki yawa. Na sami tsamiyar na zauna kusa da masu albasa. Har rana ta take ban ga komai ba sai ciniki.

Can sai ga wata yarinya, ba ta fi Balki ba, idonta jawur, da jariri a hannu, wata dattijuwa na biye. Ta ajiye babban faifai tsakanin albasa da kuɓewa, ta kwantar da jaririn tsirara a kai, ta juya masa baya. Dattijuwar ta ɗaga murya, "Ga haja! Wa ka saye? Ba mu so, ba mu da wurin ajiya!"

Mata suka taru. Wata tsohuwa ta ɗaga ƙafar jaririn ta sake. "Wanga? Ba nama, sai kuka. Ko kyauta ban ɗauka." Wata ta ce kansa ya yi girma. Wata mai daddawa ta taya da ƙulli ɗaya, aka ce albarka, ta ƙara rabi, aka ce an sallama.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na damƙe hannun mai daddawar na ce, "Wallahi ba ki tafiya da shi! A ƙasar da ta sami 'yanci, da rana tsaka? Ku kira ɗan doka!"

Sai aka kwashe da dariya, har da masu albasa. Uwar jaririn kaɗai ba ta yi ba, ta dube ni kamar za ta cinye ni. Dattijuwar ta fizge ni gefe ta toshe mini baki da tafinta.

"Ke baƙuwa, rufa mana asiri, kar ki ɓata muna aiki! Uku ta binne. Wanga na huɗu."

Ta yi mini bayani ƙasa-ƙasa. In mace tana wabi, 'ya'yanta na mutuwa tun suna goye, sai a kawo na baya kasuwa a sayar a wulaƙance, don mutuwa in ta zo neman ɗan wance ta tarar ba nata ne ba, na wani gida ne, kuma abin banza ne da ba a so. Wanzami ya ɗan tsaga kunne, shaidar an saya. Wadda ta saya ta kai shi gidanta ya sha ruwa, da yamma ta mayar wa uwar ta ce ga bawana ki yi mini reno. In ya girma za a yi masa aure, sai a mayar da irin abin da aka saye shi da shi, a fanshe shi. Kafin nan kuwa, shi da iyayensa ba mai cewa cinikin wasa ne. Ko an zage su sai su haɗiye.

A wajenmu na san a kai ɗan wabi juji a ɗauko, na san a sa masa suna marar daɗi. Kasuwa ban taɓa ji ba. Malamai za su ce camfi ne, ni ma na san rai na Allah ne. Amma ni ma na binne biyu kafin Sahabi, kuma da an ce mini in ɗora shi a faifai a lokacin, da na ɗora. Na koma na durƙusa gaban yarinyar na ba ta haƙuri. Na dubi jaririn na ce ban taɓa ganin mummuna irinsa ba. Sai a nan ta ɗan saki fuska.

Amma tsagar kunne kaɗai ba za ta ishi Nana ba, ni ma ba ta ishe ni ba, don an sayar da mutane na gaske a kasuwannin nan, kowa ya sani. Na tuna ƙunshin da kakata ke ratayewa, na ce ƙila na fansarta ne. Na bi tsofaffin matan layin gishiri ɗaya bayan ɗaya ina tambayar yarinyar da aka saya da gishiri, aka aurar wa wani falke na Zagga wajen zuwan Turawa. Wasu suka ce ba su sani ba, wata ta ce in sayi gishiri ko in ba ta wuri. Na saya, ƙunshi guda, mai kyau. Da ta ƙulle kuɗin a bakin zane sai ta ce, "Gidan da ka saye da gishiri a da, gida ɗaya ne, kuma sun tashi tun da anka ja iyaka. Suna wata tunga gaba da Madikali. Nemi Bibata, in tana da sauran numfashi."

Cikin Dahomai

Da safe na ɗora gishirina a ka na bi masu komawa. Iyakar ba komai ba ce sai wata rumfa da sanda a gicciye da sabuwar tuta. Gardi na zaune, gajeren wando, jar hula. Ya yi mini Faransanci, ban gane ba, ya koma Hausa.

"Madam, gishirin nan na sayarwa ne?"

"Na fansa ne."

"Fansar wa?"

"Kakata."

Ya dube ni, ya dubi ƙunshin, ya kai hannu ya shafa kunnensa ba tare da ya sani ba, ko da yake nasa lafiya lau yake. "Ƙanwata ma da barkono anka saye ta," ya ce. Ya ɗaga sandar.

Tungar na bakin wani rafi, gidaje kaɗan, rumbuna sun fi ɗakuna yawa. Ana ce mini fofo, ina amsawa da sannu. Na tambayi Bibata, aka kai ni wurin wata tsohuwa ƙanƙanuwa, baƙa wuluk, tana zaune a turmi kife tana ɓarar gyaɗa, haƙori biyu a bakinta. Hausarta ta kasuwa ce amma tana fita. Na sauke gishirin a gabanta, na faɗi ko ni wace ce da abin da na sani.

Ta ajiye gyaɗar. Ta kama haɓata ta juya fuskata wajen haske, ta daɗe tana kallo.

"Goshin Ciri," ta ce. Ciri gishiri ke nan da bakinsu, ashe da shi suke kiran kakata. Sai ta kwarma ihu wa matan gidan, "Ku hito! Baiwarmu da ta gudu ta aiko jika!"

Na ce, "Iya, kiyaye bakinki, kalmar nan ce ta taso ni daga Bagudo."

"Kiyaye naki! Innata ta saye ta da tafin gishiri, ba a fansa ba. Ita tawa ce, uwarki tawa, ke tawa, ɗan naki ma nawa. Tashi ki ɗebo min ruwa."

Na tashi na ɗebo, matan gida na ta shewa. Ta sha, ta ajiye moɗar, sai hawaye. Ta ce tare suka tashi, Ciri ce ta goya ta, ita ta koya mata iyo a Kwara. Sunan Ciri na yanka Hadiza. Uwarta Zalika, ubanta Mamman mai fito, shi ke ƙetarar da ayarin goro a mashigin Lolo, ubansa ma haka. Zalika ta binne 'ya'ya har ta daina ƙirga, Ciri kaɗai ta tsaya. Aka ɗaura mata aure da wani baƙon falke, an sa ranar fansa da kaka, sai labari ya zo Turawa na tafe ta ruwa da ta tudu. Gari ya watse. Falke ya ɗauki amaryarsa ya yi gabas, su da iyayen Ciri suka yi yamma. Da ƙura ta lafa an ja iyaka, an ce wanda ya ƙetaro Faransi za su kama shi aikin dole. Su a nan ba su san garin da aka kai ta ba, ita ma ba ta san inda suka koma ba.

Na ba ta labarin ƙunshin da ke rataye a tanka kowace kaka. Ta rufe fuska da zane. "Wawuya," ta ce. "Har ta tsufa tana tsoron mutuwa ta ji?" Na ce ina jin ba don kanta ba ne, ta haifi 'ya'ya a baƙon gari, ba ta so mutuwa ta zo nemansu.

Suka kai ni bayan tunga inda aka binne Zalika, gindin wata kanya. Ba alama sai duwatsu. Na yi mata addu'a, na gaya mata ɗiyarta ta rayu, ta ga jikoki, ta rasu da furfura.

Da la'asar aka yi fansar. Bibata ta kwance kabar, ta ɗebi tafi guda daidai, ta zuba a tukunyar miyar gidan, ta ce a gaban kowa, "Na karɓi gishirina. Hadiza ɗiyar Zalika ce, ɗiyar Mamman mai fito, ciniki wasa ne." Ta tura mini sauran. Muka ci tuwon masara da miyar, ta yi gishiri har ta wuce misali, muka cinye a haka.

Komawa

Na tambaye ta ko akwai namijin da zai bi ni ya yi shaida. Ta ce namiji me ya sani a ciki? Ta shiga ɗaki ta fito da ƙullin kayanta da sanda. 'Ya'yanta suka yi ta roƙo, ta ce ta ƙetare Kwara tun ba a haife su ba.

A jaki aka kai ta Lolo. Daga nan muka sami jirgin kifi mai gangarawa, muka bi ruwa, ya fi mota sauƙi nesa ba kusa ba. Muka kwana a wata tungar Sarkawa masunta, suka ba mu gasasshen kifi. Duk hanya tana aikena, miƙo goro, gyara mini zane. Na tuna mata an fanshe ni. Ta ce kakata aka fansa, ni ba a yi maganata ba tukuna.

Mun sauka mashigin Bagudo da yamma, muka shiga gida ana kiran magariba. Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni, na gode wa Kawu Ango, da mai furar Kamba, da Alhajin da aka saya da wake, da yarinyar da na kusa ɓata wa aiki, Allah ya raya mata mummunan ɗanta. Sahabi ya durƙusa ya gai da Bibata. Ta dube shi sama da ƙasa ta ce ko tafin gishiri ba ta bayarwa a kansa, ya rame da yawa. Ya yi dariya, ya cinye tuwonsa.

Na gaya masa abu guda kafin mu kwanta, kuma shi zan gaya wa Nana: da na tarar sayen gaske ne, da goron nan dai zan sake kai shi gidan su Balki, don wadda aka saya ba ita ta yi abin kunya ba.

Da gari ya waye na duba goron, na tsince waɗanda suka bushe, na cika da sabo, na yayyafa ruwa na rufe da ɗanyen ganye. Na ɗora ragowar gishirin a kai. Bibata ta riga ni fita, tana dogara sanda tana tambayar wace ƙofa ce ta mai duban kunnen mutane. Na nuna mata. Muka tsaya a zauren, na yi sallama da ƙarfi yadda maƙwabta za su ji, na ce a gaya wa Gwaggo Nana ta ajiye shinkafar ta fito, na zo mata da ɗiyar wadda ta sayi kakata.